Rizista da Da'irar Lantarki ta Farko: Lissafi, Haɗawa da Awo

Wutar lantarki ba ta yin aiki sai an ba ta rufaffiyar hanya, wato hanyar da za ta fito ta kan batir ɗaya, ta ratsa waya da kayan da ake son ta sarrafa, sannan ta koma ta ɗaya kan ba tare da yankewa ba. Wannan hanya ita ake kira da'irar lantarki, wadda masu gyaran rediyo da talabijin suka fi sani da sakit. Da'ira mafi sauƙi da mai koyo zai fara da ita ta ƙunshi batir, da waya, da ƙaramar fitilar LED, da kuma rizista, wanda shi ne ɗan ƙaramin abin nan mai ƙafafu biyu da zane-zanen launi a jikinsa. A cikin waɗannan huɗun rizista ne ya fi arha, shi ne kuma aka fi rainawa, alhali wanda bai san yadda ake zaɓensa ba zai yi ta ƙona fitilu yana ɗora wa kayan laifi, domin aikin rizista shi ne ƙayyade yawan wutar da za ta wuce, kuma wannan ƙayyadewa lissafi ce da ake yi tun kafin a taɓa waya.

Abubuwa uku ne ake aunawa a kowace da'ira. Na farko shi ne ƙarfin turi, wato bambancin da ke tsakanin kan batir mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, wanda shi ne ke ingiza wutar, ana kuma auna shi da bolt, ma'aunin da aka sa wa sunan Alessandro Volta, ɗan Italiya da ya ƙera batir na farko a shekarar 1800. Na biyu shi ne kwarara, wato yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya a kowace daƙiƙa, ana auna ta da amfiya, don tunawa da André-Marie Ampère na Faransa; amma da yake amfiya guda ta yi wa ƙananan da'irori yawa, akan raba ta gida 1000, kowane gida ana kiransa miliyamfiya. Na uku shi ne turjiya, wato yadda wani abu ke hana wuta wucewa ta cikinsa, ana auna ta da om, ana rubuta alamarta da harafin Girkanci Ω. Wanda ya taɓa lura da tankin ruwa da aka ɗora a kan gini zai gane dangantakar ukun nan da nan, domin tsawon da aka ɗora tankin yana daidai da ƙarfin turi, ruwan da ke zuba daga famfo yana daidai da kwarara, ƙuncin bututu kuwa yana daidai da turjiya, kuma ba tankin kaɗai ne ke yanke yawan ruwan da zai zubo ba, har da bututun da famfon.

Wannan batu na ƙarshe shi ne inda yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Batir ba ya fitar da wata ƙayyadaddiyar kwarara. Abin da ya ƙayyade shi ne ƙarfin turi kaɗai, kwarara kuwa tana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon turjiyar da aka shimfiɗa mata a hanya. Bajamushe Georg Simon Ohm, wanda malamin makaranta ne a birnin Kolon lokacin da yake gwaje-gwajensa, shi ya wallafa wannan dangantaka a 1827, kuma dokar da ke ɗauke da sunansa ta ce kwarara daidai take da ƙarfin turi idan an raba shi da turjiya, abin da ake rubutawa I = V ÷ R, inda I ke wakiltar kwarara, V ƙarfin turi, R kuma turjiya. Idan aka haɗa rizista mai om 1000 da batir mai bolt 9, kwarara za ta zama amfiya 0.009, wato miliyamfiya 9. Idan aka rage turjiyar zuwa om 100, kwarara za ta haura zuwa miliyamfiya 90. Idan kuwa aka haɗa kawunan batir biyu da waya tsurarta, wadda turjiyarta ta kusa zama sifiri, kwarara za ta yi yawan da waya za ta yi zafi, batir ya lalace, kuma wannan shi ne abin da masu gyara ke kira shot.

Shi kansa rizista yawanci ɗan sandan tangaran ne da aka shafa wa siririn gawayi ko siririn ƙarfe, aka yanka shafin a murɗe domin hanyar wuta ta yi tsawo da ƙunci gwargwadon turjiyar da ake so, sannan aka rufe shi da fenti. Mai gawayi yakan zo da jiki ruwan madara da zobba huɗu, mai ƙarfe kuma yakan zo da shuɗin jiki da zobba biyar. Rizista ba shi da gaba ko baya, don haka ta kowace fuska aka sa shi a da'ira aikinsa ɗaya ne.

Zobban launin su ne rubutun da ke faɗin ƙimarsa, kowane launi yana tsaye a madadin lamba: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A rizista mai zobba huɗu, akan juya shi yadda zoben zinari ko na azurfa zai kasance a hannun dama, sannan a fara karatu daga hagu. Zobe na farko da na biyu su ne lambobi biyu na farko, na uku kuwa yana faɗin yawan sifirin da za a jera a bayansu. Saboda haka rawaya, shunayya da ruwan ƙasa suna nufin 4 da 7 da sifiri ɗaya, wato om 470. Ruwan ƙasa, baƙi da ja suna nufin 1 da 0 da sifiri biyu, wato om 1000, wanda ake taƙaitawa da 1k, domin harafin k yana nufin dubu. Ruwan ƙasa, baƙi da ruwan lemo kuma 10k ke nan. Zobe na huɗu yana faɗin rangwamen ƙira, wato iyakar yadda ainihin ƙimar za ta iya kauce wa abin da aka rubuta, inda zinari ke nufin kashi 5 cikin 100, azurfa kashi 10. Ma'anar wannan ita ce rizista mai om 470 da zoben zinari yana iya auna ko nawa ne tsakanin 446.5 da 493.5, kuma lafiyarsa ƙalau, don haka bai kamata mai koyo ya jefar da shi ba don kawai mitar awo ta nuna 462. A mai zobba biyar, lambobi uku ake karantawa kafin zoben sifiri, zoben ƙarshe kuma galibi ruwan ƙasa ne, mai nufin kashi 1 cikin 100. Ƙananan rizistocin da ake mannawa a kan allon wayar salula ba su da launi, lambobi ake bugawa a bayan waɗanda girmansu ya isa ɗaukar rubutu, amma ƙa'idar ba ta sauya ba, domin 103 na nufin 10 da sifiri uku, wato 10k, 472 kuma 4.7k. Ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo suna rikita ido a wurin da haske bai wadata ba, musamman idan rizista ya tsufa ko ya sha zafi, kuma bambancin zobe ɗaya a wurin sifiri yana ninka ƙima sau goma, shi ya sa gogaggen mai aiki yake karanta launi sannan ya tabbatar da mita.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa sabon shiga kai a shagon kayan lantarki, wato rashin samun rizista mai kowace lamba da lissafi ya fitar. Masana'antu suna ƙera su ne bisa jerin ƙimomi da aka amince da su a duniya, wanda aka fi amfani da shi ana kiransa E12, mai lambobi 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68 da 82, tare da ninkinsu goma-goma. An tsara tazarar ne yadda kowace ƙima ta ɗara ta bayanta da kusan kashi 20 cikin 100, domin idan aka yi la'akari da rangwamen kashi 10 ta kowane ɓangare, babu giɓin a-zo-a-gani da ya rage a tsakani. Idan lissafi ya fitar da lambar da babu ita a jerin, ƙa'idar ita ce a ɗauki ta gaba da ita a sama matuƙar rizistan na kare wani abu ne.

Fitilar LED ita ce ta fi dacewa da gwajin farko, domin tana nuna sakamakon lissafi ƙuru-ƙuru. Ita wata irin dayod ce, wato kayan da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, saboda haka tana da gaba da baya: doguwar ƙafarta ita ke fuskantar kan batir mai alamar tarawa, gajeriyar kuma, wadda take ɓangaren da aka shafe gefen kwalbar, tana fuskantar alamar ɗebewa. Nick Holonyak ne ya ƙera ja ta farko mai haske da ido ke gani a 1962 a kamfanin General Electric na Amurka, shuɗiyar da ta buɗe ƙofar farar fitila kuwa ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Halin LED ya sha bamban da na rizista, domin ba ta bin dokar Ohm kai tsaye. Tana riƙe wani ƙarfin turi kusan tsayayye a tsakanin ƙafafunta, kimanin bolt 2 ga ja, kimanin 3 zuwa 3.3 ga fara da shuɗiya, kuma da zarar an haura wannan iyaka ko da kaɗan ne, kwarara takan yi tashin gwauron zabi har ƙwayar da ke ciki ta ƙone. Ƙaramar LED mai faɗin milimita 5 ba a so kwararar da ke ratsa ta ta wuce miliyamfiya 20.

Lissafin kuwa gajere ne. Ana ɗebe abin da LED ke riƙewa daga ƙarfin batir, abin da ya saura shi ne rabon rizista, sai a raba shi da kwararar da ake so a amfiya. Da batir mai bolt 9 da jar LED, saura bolt 7 ne, idan aka raba 7 da 0.02 za a sami om 350, wanda babu shi a jerin E12, don haka sai a ɗauki 390, mai launin ruwan lemo, fari da ruwan ƙasa, wanda zai bar kimanin miliyamfiya 18 su wuce. Babu dole sai an kai fitila maƙura, domin da om 470 kwarara za ta sauka zuwa kimanin 15, da 1k zuwa 7, kuma fitilun zamani suna haske sosai ko a wannan matakin, batir kuma ya fi daɗewa. Da cajar waya mai bolt 5, rizista mai om 220 ya wadatar, yana barin kusan miliyamfiya 14. Rizista yana iya zama kafin fitila ko bayanta, babu bambanci, saboda kwarara ɗaya ce ke ratsa duk abin da ke kan hanya guda.

Lamarin batir mai bolt 12, irin na mota da na sola da ya cika gidaje da shaguna, ya cancanci a dakata a kansa, domin sunansa yana yaudara. Batir mai dalma da asid yakan nuna kimanin bolt 12.6 idan ya cika yana hutawa, yakan kuma kai 14.4 lokacin da ake cajinsa, don haka lissafin da aka gina kan 12 zai gaza da tsakar rana daidai lokacin da farantin sola ke zuba masa wuta. Idan aka jera fararen LED uku, kowace tana riƙe kimanin bolt 3.2, jimilla 9.6 ke nan, rabon rizista a bolt 12 shi ne 2.4 kacal, kuma om 150 zai ba da miliyamfiya 16. Amma a bolt 14.4 rabon ya koma 4.8, kwarara ta kusa ninkawa zuwa wajen 30, fitilun su yi ta dishewa a hankali har su mutu. Da an gina lissafin kan 14.4 tun farko, an zaɓi om 270, da kwarara ba ta wuce 18 ba a mafi munin hali. Ƙa'idar ita ce a yi lissafi da mafi girman ƙarfin turin da da'ira za ta iya gamuwa da shi. Irin wannan batir kuma yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya idan aka yi shot, abin da ke narkar da waya ya tayar da gobara, saboda haka ba a haɗa komai da shi sai an sa fis, wato abin da ke ƙonewa ya yanke wuta idan kwarara ta yi yawa, kusa da kan da ke da alamar tarawa.

Rizista yana rage kwarara ne ta hanyar mayar da wani sashe na ƙarfin wuta zuwa zafi, kuma yawan zafin ana auna shi da wat, ana samunsa ta ninka ƙarfin turin da ke kan rizista da kwararar da ke ratsa shi. Ƙananan da aka fi sayarwa suna ɗaukar rubu'in wat, wato 0.25. A misalin batir mai bolt 9, 7 sau 0.018 ya ba da kimanin wat 0.13, wanda ke cikin iyaka. Amma jar LED guda a kan bolt 14.4 da rizista mai om 680 za ta sa shi fitar da kusan wat 0.23, wanda ya yi kusa da iyaka ƙwarai, balle a cikin rufaffen akwati lokacin bazara. 1k ya fi dacewa a nan, domin zafinsa wat 0.15 ne. Masu aiki da hankali sukan bar rizista yana ɗaukar rabin iyakarsa ko ɗan sama da haka kaɗan, idan kuwa bai yiwu ba sai su nemi mai rabin wat ko wat guda, wanda ake ganewa da kaurin jikinsa.

Hanyoyi biyu ake haɗa rizistoci. A haɗin jere, wato ƙafar ɗaya a ƙafar na gaba kamar sarƙa, ana tara ƙimominsu ne kawai, don haka 1k biyu sun zama 2k. A haɗin daura, inda ƙafafunsu na hagu suka haɗu wuri guda na dama ma haka, wuta ta sami hanyoyi biyu, jimillar turjiya takan gaza mafi ƙanƙantarsu, kuma ana samunta ta ninka ƙimomin biyu a raba da jimillarsu, ta yadda 1k biyu za su ba da om 500, 1k da 470 kuma kimanin 320. Dokokin da Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845 su ne tushen wannan, ɗaya na cewa duk kwararar da ta shiga mahaɗa ita ce ke fita, ɗayar na cewa ƙarfin turin da kayan da'ira suka rarraba a tsakaninsu dole ya zo daidai da na batir. Ba shi da kyau a haɗa LED da yawa daura da juna a bayan rizista guda, domin ba a samun biyu masu hali ɗaya sak, wadda ta fi saurin buɗewa za ta janye mafi yawan wutar ta riga sauran mutuwa, nauyinta ya koma kan waɗanda suka rage. Kowane reshe nasa rizistan ake ba shi.

Rizistoci biyu a jere suna raba ƙarfin batir gwargwadon ƙimarsu, kuma wannan shi ake kira marabar ƙarfin turi. Da 10k biyu a kan bolt 9, mahaɗar tsakiya za ta nuna 4.5. Idan aka maye gurbin ɗaya da rizista mai jin haske, wanda turjiyarsa ke raguwa da rana ta ƙaru da dare, mahaɗar za ta riƙa sauyawa da haske, kuma wannan ne tushen yawancin da'irorin da ke kunna fitila da kansu da magariba. Sai dai maraba ba ta ciyar da kaya mai jan wuta, domin idan aka rataya wa wancan 4.5 ɗin wani abu mai om 1000, zai faɗo zuwa kimanin 0.75, amfaninta ba da sigina ne ga wani sashe na da'ira, ba cajin waya ba.

Don haɗawa ba tare da solda ba akan yi amfani da allon gwaji, wani farin allon roba mai ramuka da ke nesa da juna da milimita 2.54, inda kowane gajeren layi mai ramuka biyar yake haɗe ta ƙasa da ɗan ƙarfe, dogayen layukan gefe kuma aka tanade su don kawunan batir, ramin tsakiya ya raba ɓangarorin biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa ƙafafun rizista biyu a layi ɗaya mai ramuka biyar, abin da ke sa wuta ta bi ƙarfen ƙasa ta tsallake shi gaba ɗaya. Tsarin da ya dace shi ne a zana da'irar a takarda, a rubuta kwararar da ake tsammani, a jera kayan, a sake bin hanyar da yatsa daga tarawa zuwa ɗebewa, sannan a haɗa batir a ƙarshe.

Mita ce ke tabbatar da lissafi ko ta ƙaryata shi, kuma kowane awo da yadda ake yinsa. Ana auna ƙarfin turi ta ɗora tsinkayen mita biyu a ƙafafun abin da ake so yayin da da'ira ke aiki, kuma a da'irar jar LED ya kamata a ga kimanin 2 a kan fitila da kimanin 7 a kan rizista, jimillarsu daidai da abin da batir ke nunawa. Ana auna turjiya ne bayan an cire batir, an kuma ɗaga aƙalla ƙafa ɗaya ta rizista daga da'ira domin kada sauran kayan su shiga awon, ba a kuma riƙe ƙafafun biyu da yatsu idan ƙimar babba ce, saboda jikin mutum ma hanya ce ta wuta. Kwarara kuwa sai an yanke da'ira an sa mita a cikin giɓin, yadda wutar za ta ratsa ta, kuma mitar da aka juya zuwa awon amfiya ba a taɓa ɗora ta kai tsaye a kan batir, domin a wannan hali ita kanta kamar waya tsura take, fis ɗinta zai ƙone ko ita ta lalace. Hanya mafi aminci ga mai koyo ita ce ya auna ƙarfin turin da ke kan rizista ya raba da ƙimarsa, ya sami kwarara ba tare da yanke komai ba. Idan fitila ta ƙi kamawa, akan fara duba batir, sannan fuskar da LED ke kallo, sannan layukan allo, kafin a zargi kayan.

Duk waɗannan gwaje-gwaje an gina su ne kan ƙarfin da bai wuce bolt 15 ba, wanda busasshen hannu ba ya ma jinsa. Wutar gida, wadda take bolt 220 zuwa 230 a Nijar da Najeriya, tana juya fuskarta ta kammala zagaye 50 a daƙiƙa, al'amari ne dabam, domin 'yan gomomin miliyamfiya da suka ratsa ƙirji sun isa su rikita bugun zuciya, shi ya sa ake saita na'urorin kariya na gidaje su yanke wuta a miliyamfiya 30. Mai koyo ba ya kai allon gwaji kusa da soket, ba ya kuma buɗe caja ko inbata ko tsohuwar talabijin don ciro rizista ba tare da ƙwararre a kusa ba, saboda kafasito, wato kayan da ke ajiye caji a cikin irin waɗannan na'urori, yana iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi daga bango. Tsohon rediyo mai batir ko cocilar da ta mutu sun ishe shi samun rizistocin gwaji, muddin ya auna kowanne kafin ya sa shi a sabuwar da'ira.